Kukan Motar Kafilina

A katin iƙamata, wato takardar izinin zamana a Saudiyya, an rubuta direban gida, amma ni asalina bakanike ne. A Funtuwa na koyi aiki, a wani gareji da 'yan tasi suke kawo motocinsu, kuma da sifana a hannuna na yi aure har na ga 'ya'yana. Da wani ɗan'uwa ya samo mini bizar Jidda ya ce aikin tuƙi ne, na ce ai tuƙi hutu ne ga wanda ya saba kwanciya a ƙarƙashin mota. Niyyata in yi shekara biyu in koma in buɗe garejin kaina. Shekaru suka haura goma ina nan, ban tara komai ba sai furfura da ciwon baya.

Kafilina, wato mutumin da iƙamata take ƙarƙashin sunansa, wani tsoho ne Bahaushe haifaffen Jidda. Mahaifinsa da ƙafa ya zo aikin hajji tun zamanin da ake shekaru a hanya, bai kuma koma ba. Shi nan aka haife shi, nan ya sami takardar zama ɗan ƙasa, ya yi aikin fito wa 'yan kasuwa da kayansu daga tashar jiragen ruwa har ya gina gida a unguwar Bagdadiyya. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma in ya buɗe baki sai in ji kamar kakata ce take magana, sai dai shi yana barbaɗa Larabci a ciki. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ya waladi, wato ɗana. Kafin in zo matarsa ta rasu. Ciwon suga kuma a gabana ya cinye masa idanu, kaɗan-kaɗan, har ya zama sai an riƙe masa hannu. Aikina in kai shi asibiti da masallaci, da yamma in kai shi bakin teku ya sha iska. Sauran lokacin kuwa na saurare ne, don Baba in ya kama hira ba ya sanin an yi la'asar. 'Ya'yansa suna jin Hausa amma da Larabci suke mayar masa, jikokin kuwa ko sannu ba su iya ba.

Ba zan ce ya wulaƙanta ni ba. Abin da ya ci shi nake ci, bai taɓa ɗaga mini murya a gaban mutane ba. Matsalar ɗaya ce: direban gida ba ya barin ƙasar gaba ɗaya sai kafilinsa ya yarda an yi masa abin da suke kira huruj niha'i, fitar da babu dawowa. Da farko yakan ba ni hutu in je gida in dawo, amma tun da idonsa ya rufe ko hutun ya daina bayarwa, ina jin ya gane in na tafi ba zai sake ganina ba. Kowace shekara sai na roƙe shi. In na yi magana kafin azumi ya ce bari a yi salla, in an yi salla ya ce bari alhazai su watse, in sun watse ya ce yanzu ina za a sami direba a wannan zafin. Uwar 'ya'yana ta daina tambayata yaushe zan dawo, kuma wannan shirun ya fi mini ciwo a kan lokacin da take kuka a waya. Autarmu da na bari tana rarrafe, in an ba ta waya sai ta gaishe ni da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo, ta miƙa wa uwarta.

Wata safiya bayan mun dawo daga asibiti na ce yau sai an yi ta ta ƙare. Na tsuguna a gabansa na ce, "Baba, na gaji. Gida nake so, kuma ba hutu nake nufi ba."

Ya miƙo hannu ya ce, "Kama ni mu je bayan gida."

A tsakar gidan ta baya akwai wata mota lulluɓe da tamfol. Tun zuwana nake ganinta, ban taɓa ɗaga tamfol ɗin ba, don bakanike ya san abin da ke ƙarƙashin irin wannan lulluɓi, wahala ce kawai. Ya sa na yaye. Tsohuwar motar Amurka ce mai ƙofa biyu, gabanta dogo, bayanta gajere, inji mai silinda takwas. Ja ce a da, amma rana ta dafa fentin ya koma kalar busasshen tattasai. Tayoyin sun zauna, gishirin iskar teku ya ci ƙasan ƙofofin, kyanwoyin unguwa kuma sun mai da kujerar baya ɗakin haihuwa. Ya ce a hannun wani Bature ma'aikacin jiragen ruwa ya saye ta yana saurayi, da ita ya yi zancen matarsa.

Ya shafa ta da tafin hannu tun daga fitila har ƙofa, sannan ya ce, "Ka tada mini ita. Ba tuƙa ta zan yi ba, ya waladi, ina na ga idon? Sautinta nake so. Ranar da na ji ta yi irin kukan da take yi a da, khalas, ka tafi gida. Wallahi na yi maka alkawari."

Na amsa tun kafin ya rufe baki. A raina na ce tsohon nan bai san da wa yake magana ba. Motocin da aka yi wa sallar gawa a Funtuwa na tada su suka koma ɗaukar fasinja, balle wannan da take kwance a gida.

A unguwar Waziriyya na san wani mai walda, mutumin Damagaram, yana da 'yar rumfar aiki a bayan wani layin shaguna. Ya ba ni gefe ɗaya, aka jawo motar aka kai. Babban ɗan Baba, wanda shi ke kula da takardun gidan, ya yarda zai riƙa sayen abin da aka buƙata, ko da yake na ga a fuskarsa yana ganin ni da ubansa duk mun taɓu. Sai ya zama in na gama da Baba da safe, ya kwanta, in ruga Waziriyya in yi aiki zuwa la'asar in dawo in kai shi bakin teku ina warin baƙin mai.

Wanda bai yi aikin inji a Jidda da rani ba bai san gumi ba. Iskar kanta jiƙaƙƙiya ce, ka goge fuska kafin ka ajiye tsumman ta sake jiƙewa, sifana tana sulɓewa daga hannu. Injin ya kame, ko motsi ba ya yi. Na cire fulogai na ɗura mai a ramukan, na yi ta jira, kullum in zo in gwada juya shi da doguwar sanda har ranar da ya saki. Tankin fetur ya cika da tsatsa, ɓeraye sun cinye wayoyi, lagireto yana yoyo ta ko'ina. Notinanta ma ba irin namu ba ne, awon Amurkawa daban, sifanun da na sani ba sa kama su, sai da na nemo wasu. Kayan gyara kuwa sai a tashlih, maƙabartar motoci da ke wajen gari, inda zan yini ina bin gawarwakin ƙarfe ƙasa tana ƙona mini tafin ƙafa ta cikin takalmi. Sau da yawa na zauna a inuwar wata matacciyar bas na tambayi kaina me na yi wa Allah, sannan in yi istigfari in tashi.

Amma a nan dole in faɗi irin hannun da aka raina ni da shi. Ɗan tasi abu biyu yake so a wurin bakanike: kada motarsa ta sha mai, kada ta yi ƙara. Maigidana na Funtuwa, Allah ya jiƙansa, in ka ce ka gama gyara sai ya cika kofi da ruwa ya ɗora a kan injin yana aiki. In ruwan ya yi rawa, ba ka gama ba. In ya zube, ranar kunnenka zai gaya maka. Da haka muka tashi. A wurinmu inji mai lafiya shi ne wanda in mota tana tsaye sai ka kasa kunne kafin ka san yana aiki, kuma duk wata jijjiga ko tari cuta ce da ake nema wa magani.

To da na buɗe cikin injin motar Baba sai na ga abin da ya ɗaure mini kai. Akwai wata doguwar sandar ƙarfe mai ƙusumbi-ƙusumbi da muke kira kamshaf, ita ke buɗe bawul tana rufewa don inji ya shaƙi mai ya fitar da hayaƙi. Ƙusumbin wannan sun yi girma fiye da kima. Na san duk injin da ke ɗauke da irinta ba zai taɓa zama lafiya ba, sai ya yi ta jijjiga. Salansa kuma kusan babu, bututu biyu ne kawai masu faɗi, cikinsu fayau. Na ce Allah sarki, wani mugun bakanike ya cuci Baturen nan, Bature kuma ya cuci Baba. Na je tashlih na samo kamshaf mai hankali daga wata motar iyali mai irin injin, na sa. Na sa mai walda ya haɗe bututun biyu ya ɗaura musu babbar salansa. Kafireta, inda mai ke haɗuwa da iska, na matse ta har ta koyi tattali. Tsofaffin ƙarafan da na cire na bar wa mai walda ya yi abin da ya ga dama da su.

Ban tambayi Baba wane irin kuka yake nufi ba. Ko a mafarki bai zo mini in tambaya ba. A sanina kukan mota mai lafiya ɗaya ne a duniya, kuma na san shi.

Aikin ya ci mini kusan shekara. Aka yi mata fenti, ja kamar yadda take, aka ɗinke kujeru. Ban taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba, har yau kuma ban sake ba. Ranar da na kawo ta gida da la'asar, na riga na gaya wa uwar 'ya'yana ta fara shiri. Na zaunar da Baba a kujera a tsakar gida, ɗansa ya tsaya da waya yana ɗauka. Na buɗe gaban motar, na tada ta, na ɗauko kofin shayin Baba na ɗora a kan injin. Shayin ko gezau bai yi ba. Na ji ƙwalla ta zo mini, na ce ina ma maigidana na Funtuwa yana raye.

Baba ya gyara zama ya ce, "Yalla, tada ta mana."

Na ce, "Baba, ai tana aiki."

Ya karkata kai ya saurara. Ya miƙe, na kama hannunsa na ɗora a jikin motar. Ya daɗe a haka, sannan ya janye hannun ya goge a jikin rigarsa.

"Wannan firji ka kawo mini," in ji shi. "Ina motata?"

Ɗansa ya sauke wayar. Baba ya koma kujera ya fara kwatanta mini da bakinsa, yana buga ƙirji da hannu: bub, bub-bub, bub, bububub. Ya ce, "Haka take yi, ya'ani kamar mai tari, kamar yanzu za ta mutu, amma ba ta mutuwa. In na tada ta tagogin gidan nan rawa suke yi. Tun ina kan kwana uwar yaran nan take jin sautin, kafin in shigo ta ɗora shayi. Maƙwabta har ƙarata suka kai wurin mahaifina." Ya yi 'yar dariya, dariyar ta mutu. "Ba ita ba ce, ya waladi."

Washegari na je Waziriyya raina a ɓace, na zauna a kan bencin da ke bakin rumfa na zayyana wa mai walda abin da ya faru. Ya ture gilashin waldarsa sama ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya ce shi ya sha yi wa samarin Larabawa aiki a irin waɗannan motoci, wannan tari da jijjigar su ake nema, da gangan ake sa kamshaf mai manyan ƙusumbi, don in an taka ta a kan titi ta fizga. Ya ce Baturen ba cutarsa aka yi ba, shi ya sa aka yi masa haka.

Na ce, "Kana kallo na cire ta, ka yi shiru?"

Ya ce, "Bon, kai ne makanisiyen. Ni walda aka ce in yi, na yi."

Na ce to ya ba ni tsohuwar kamshaf ɗin in mayar. Ya sosa ƙeya, ya nuna ƙasan inda nake zaune. Na leƙa. Ya yanka ta biyu ya yi wa bencin ƙafafu da ita. Ban zage shi ba, ban ma iya tashi ba. Na ci gaba da zama a kai har shayin da ya zuba mini ya huce.

Irin wannan kamshaf ba a samunta a tashlih. Sai da ɗan Baba ya yi odarta daga Amurka tare da wasu kayan, aka ce ta jirgin ruwa za su zo. Aka yi azumi ba su zo ba. Aka yi hajji, aka ce sun iso tasha amma akwai sauran takardu. Ana cikin haka iƙamata ta ƙare, ɗan Baba ya zaro waya a gabana ya danna ya sabunta ta, ya ce da 'yar guntuwar Hausarsa, "Mu'allim, shekara ɗaya kuma. Ma'alesh," wato in yi haƙuri. Da na kira gida na yi ta kewaye-kewaye ina bayanin kamshaf da jirgin ruwa. Uwar 'ya'yana ta saurara har na gama, ta ce, "Allah ya kawo jirgin lafiya," ta shiga ba ni labarin rufin ɗaki da ke yoyo. Na san ta kwance kayan da ta shirya, ba ta dai faɗa ba.

Da kayan suka zo na sake kwance injin da na haɗa da hannuna. Wannan ya fi aikin farko gajiyarwa, don a farko gyara nake yi, yanzu kuwa a ganina ɓatawa nake yi. Aka yanke salansar nan mai kyau aka jefar, aka mai da bututu biyu. Na buɗe wa kafireta baki ta sha mai yadda take so. Da na tada ta ta fara jijjiga, sai in ga hannuna da kansa ya kai sukudireba yana neman ya lallashe ta, sai na janye shi. Shekara da shekaru ana koya wa hannu abu ɗaya, ba ya mantawa don an ce ya manta.

Tunda ni ban san sautin ba, dole mai sautin ya zo. Na fara ɗauko Baba da safe in kawo shi Waziriyya, in zaunar da shi a bencin nan. Ni ina kan inji ina juya taimin, wato daidai lokacin da wuta ke kama mai, shi yana kasa kunne yana ba da umarni. "Ƙara. La', ka wuce. Rage shuwayya," wato kaɗan. In na kashe don inji ya huce, sai hira ta ɓarke tsakaninsa da mai walda da masu shagunan layin, mutanen Nijar da na Chadi, duk Hausa ake yi. Suna tsokanarsa wai Hausarsa ta tsufa, yana ce musu tasu ce ta lalace da Faransanci. Ya riƙa tambayarsu sunayen garuruwan da mahaifinsa ya bi. Wani ya kawo masa kilishi, likita ya hana shi amma ya ci. Tsohon da a gida sai na yi da gaske yake cin loma uku, sai ga shi tun asuba ya sa riga yana jirana a bakin ƙofa. Kuma kullum in za mu tashi maganar ɗaya ce: an kusa, amma ba ita ba ce.

Makonni suka yi ta wucewa a haka. Na canza fulogai, na canza bakin mai a kafireta, na rage tsawon bututu, na ƙara. Kunnuwana suka fara ƙugi ko ina kwance. Wani lokaci ina cikin sallah sai in ji bub, bub-bub a kaina. Na rame, wandona ya fara zamewa. Na kai inda ba na jin haushi ma, sai dai in tashi in yi abin da aka ce in koma in kwanta.

Ran nan da hantsi na ɗan juya taimin, na taɓa kafireta, na tada ta. Tun kafin in ɗago na san wani abu ya canza. Sautin ya sauko ƙasa, ya yi kauri, yana bugawa yana tsallakewa kamar mai ɗingishi, ina jin sa a ƙirjina fiye da kunnena. Kwanon rufin rumfar ya kama rawa. Mai walda ya kashe wutarsa ya juyo. Ni da aka raina da ƙin irin wannan ƙara, sai da tsigar jikina ta tashi.

Na dubi Baba. Bakinsa a buɗe, hawaye yana gangarowa ta ƙarƙashin baƙin tabaransa yana shiga gemu. Ƙafarsa ta dama tana danna ƙasa a hankali tana saki, hannunsa yana neman giya a iska. Ya manta da mu gaba ɗaya. Na bar ta tana yi, ban taɓa komai ba. Can ya ankara, ya sa gefen mayafinsa ya share fuska, ya gyara murya.

"An kusa," in ji shi. "Saura shuwayya. Gobe ma dawo."

Mai walda ya dube ni, ya sunkuyar da kai ya shiga tattara ƙarafan da ba su buƙaci tattarawa ba. Na zura hannu na kashe motar. Wurin ya yi tsit. Na zo gabansa, ban tsuguna ba, karo na farko tun da na san shi.

Na ce, "Baba, ka ji tsoron Allah. Ita ce, kai ma ka san ita ce."

Masu shagunan da suka taru jin ƙarar suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Baba ya riƙe sandarsa da hannu biyu, yana murza kanta. Da ya yi magana muryar ta yi ƙasa ƙwarai.

"Ita ce," in ji shi. "Tun jiya ma ta kusa zama ita." Sannan ya ce, "In ka tafi, ya waladi, da wa zan yi magana? Gidan nan kowa da Larabci, na'am, na'am, abuya, su wuce. Harshen uwata a bakinka kaɗai nake jin sa."

Tausayinsa ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Amma gajiyar ta fi tausayin yawa. Na ce, "Kai naka sun girma a gabanka, ko da wane harshe suke amsa maka. Ni tawa 'yar ba ta san fuskata ba sai a waya. Ai ka rantse, Baba, kuma na yi abin da ka ce."

Ya miƙo hannu, na kama shi na kai shi motar gida, muka koma Bagdadiyya. Muna shiga ya sa aka kira ɗansa, ya ce masa da Larabci ya sallame ni. Ɗan ya dube ni, ya dubi ubansa, ya zaro waya. Abin da na yi shekaru ina roƙo, kafin in gama cire takalmina an gama shi.

Na yi 'yan makonni kafin tafiya, ana neman wanda zai maye gurbina. Na kawo jar motar na ajiye a inda na same ta. Bai ce a tada ta ba ko sau ɗaya, bai kuma sake cewa a kai shi Waziriyya ba. Tun daga ranar nan kuma bai sake yi mini Hausa ba. In na gaishe shi da ina kwana, sai ya amsa da Larabci. A mota sai dai dama, hagu, tsaya, jira, duk da Larabci, yadda ake yi wa kowane direba. A bakin teku mukan zauna har magariba, shi yana fuskantar ruwan da ba ya gani, ni ina kallon agogo. Na yi zaton zan yi murna a kwanakin nan, amma abincin ma da ƙyar yake wucewa.

Ranar tafiya ɗansa ya ce shi zai kai ni filin jirgi. Na shiga ɗakin Baba da jakata, na same shi zaune a bakin gado da carbi. Na tsuguna na kama hannunsa, hannun da na yi shekaru ina riƙewa a bakin titi da matakalar masallaci.

Na ce, "Baba, zan tafi. Duk abin da na yi maka ka yafe mini. Ka sa mini albarka."

Ya bar hannun a cikin nawa, bai matse ba, bai janye ba.

"Ma'as salama, ya sawwag," in ji shi. Sauka lafiya, direba.

Na ci gaba da tsuguno ina jira ko zai ƙara kalma ɗaya da Hausa, ko da zagi ne. Carbin ya ci gaba da tafiya a ɗaya hannun. A waje ɗansa ya danna hon, na saki hannun na ɗauki jakata.